An Sace wa Uwar Biro Hannu

Ranar da aka kwashe kujeru daga ɗakin ninki, Uwar Biro ce ta ƙarshen jin labari, kuma ita aka ce ta ba da umarnin.

Ta shigo kamfanin wanki da guga da safe kamar kullum, jaka a hammata, tana raba gaisuwa hagu da dama. Mai gadi ya amsa mata ciki-ciki. Matan da ke tura kwandunan tawul suka wuce ta kamar sun wuce turke. Ta ce a ranta ko rashi aka yi ba a gaya mata ba. Sai da ta iso allon sanarwa, wanda ke jikin bango tsakanin ƙofar ɗakin ninki da famfon shan ruwa, ta ga abin da ya sa mutane suka ɗaure fuska.

Farar takarda ce da shuɗin rubutu.

"'Yan'uwa, daga yau an ɗauke kujerun ɗakin ninki. Aiki a tsaye ya fi sauri, ya fi lafiya. Mu haɗa kai. Na gode."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ba maganar ce ta dame ta ba, don ta saba jin shirme daga ofis. Rubutun ne. Nata ne. Ga yadda haruffanta ke kishingiɗa ta dama, ga jelar "y" ɗinta mai lanƙwasa kamar ƙugiya, ga karan "t" da take ja da gaggawa har ya zarce wurinsa. Ko a gaban alƙali aka nuna mata, da sai ta rantse hannunta ne. Amma ba ta rubuta ba. Ita da ƙafafunta ke kumbura kafin rana ta yi tsaka, ita ce za ta ce wa mutane tsayuwa lafiya ce?

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," aka ce daga bayanta.

Gajeruwa ce, abokiyar teburinta tun shigarsu kamfanin, wadda ciwon gwiwa ya hana sakat har take zuwa aiki da bandeji a ƙarƙashin siket. Ta riƙe ƙugu tana kallon takardar, ba ta kallon Uwar Biro.

"Wallahi ba ni ba ce," in ji Uwar Biro.

"To. Aljani ne ya ari hannunki."

"Ki saurare ni mana."

"Da a fuska kika gaya mini, da ya fi mini sauƙi. Ko taki kujerar tana can ofis ne an ajiye miki?"

Ta juya tana ɗingishi ta shige ɗakin ninki. Uwar Biro ta tsaya da jaka a hammata.

Sai mutum ya san matsayin rubutun matar nan a kamfanin kafin ya gane girman abin da aka yi mata. Ofis na fitar da sanarwa kusan kullum, a buga da firinta, a manna, kuma babu mai ɗaga kai ya duba. Wasu ma da ita suke goge sitaci daga hannu. Amma idan aka ga guntun kwali da shuɗin rubutu mai kishingiɗa, ko mai ɗauke da kaya a ka sai ya tsaya. "Bilic ɗin da aka kawo jiya yana ƙona hannu, a sa safar hannu." "Kada a jingina da bututun tururi, ya tsage." "Tawul ɗin otal mai jan baki yana zuba, a ware shi." Ba wanda ya naɗa ta wannan aiki. Biro ne dai da kakkauran alƙalamin nan da ake kira maka ba sa rabuwa da aljihun rigar aikinta, har sunan ya bi ta. Kuma kowa ya sani ba ta rubuta abin da ba ta gani da idonta ba. Waɗanda karatunsu bai yi ƙarfi ba ma sun san kamannin hannunta, sai su tsayar da na kusa su ce, "Karanta mini, na Yaya ne."

Manaja ya lura da haka tun farkon zuwansa, don ba wawa ba ne, rashin kunya ne kawai ya yi masa yawa. Ya taɓa kiranta ya miƙa mata takarda ya ce ta kwafa da hannunta, maganar rage lokacin shan shayi ce. Ta karanta ta mayar masa, ta ce, "Yallaɓai, ai kuna da firinta." Ya yi dariya ya ce ba komai. Ashe ya ajiye abin a ransa.

Wanda ya buɗe masa ƙofa kuwa ɗan cikin gida ne, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ɗan yayarta ne, wanda ta riƙe tun yana rarrafe bayan uwarsa ta rasu. Yanzu ya zama magidanci mai gemu, yana zanen tambari da alluna a kwamfuta, dangi suna ce masa Injiniya ko da yake bai taɓa gyara ko fanka ba. Ita da bakinta ta yi masa hanya a wajen Manaja lokacin da kamfani ke neman mai zana sabon tambari.

Wata ranar hutu ya zo gida da takardu masu gidaje-gidaje kamar na dara, ya shimfiɗa su a teburin falo, ya ture kwanon da maigidanta ke ajiye makullai.

"Inna, so nake ki cika mini waɗannan. Kowane gida harafi ɗaya, manya da ƙanana, da lambobi."

"Makaranta za ka mayar da ni?"

"Rubutunki zan shigar cikin kwamfuta. Yanzu duniya ta gaji da rubutun inji mai tsaye ƙiƙam. Mutane suna son su ga kamar hannun mutum ne ya taɓa abin. Za mu sa a 'yan katunan da ake maƙalawa jikin kayan da aka goge: 'An wanke da kulawa.' Duk otal ɗin da ya kwance ɗaurin zanen gado, hannunki zai fara gani."

Maigidanta, tsohon direba da ke kishingiɗe yana sauraron rediyo, ya ce, "To fa. Ni da na yi shekaru ina karanta saƙon cefane a wannan hannun, ban san ina riƙe da kayan tarihi ba."

Ta harare shi, amma daɗi ya riga ya ratsa ta, babu amfanin ɓoyewa. Ta wanke hannu, ta sa tabarau, ta zauna ta cika gidajen nan tas. Har sai da ta sake rubuta wasu don ba su yi mata kyau ba, Injiniya yana cewa, "A'a, Inna, bar su, waɗanda suka karkace ɗin su ne masu rai." Da katunan suka fito ta kawo ɗaya gida ta soke a jikin madubi. Maganar kati aka yi. Ba wanda ya ce mata kujera.

Saboda haka da safen nan ba ta ko ajiye jaka ba ta hau bene zuwa ofis. Ɗakin Manaja da sanyi kamar cikin firij, shi kuma yana zaune a kujera mai juyawa, ya saki jiki. Ta ajiye takardar da ta ɓalle daga allo a gabansa.

"Yallaɓai, wa ya rubuta wannan?"

"Sakatariya ta buga. Ya yi kyau ko? Kowa ya karanta, kin gani."

"Da hannuna."

"Da samfurin rubutun kamfani," ya gyara mata, yana murmushi. "Kamfani ya sa aka yi, kamfani ke da shi. Nuna mini inda aka sa sunanki."

Ta duba takardar kamar sunan zai fito. Babu.

"Amma kowa ya ɗauka ni ce. 'Na gode' fa aka rubuta. Wa ya gode? Ni ban gode ba!"

"Abin da mutane suka ɗauka ba laifin ofis ba ne. Ke ma ya kamata ki yi alfahari. Ma'aikata nawa ne rubutunsu ya zama na kamfani?"

"Yallaɓai, ka san abin da kake yi."

"Na sani, ina tafiyar da kamfani. Ke kuma kaya na jiran ki a ƙasa."

Ta ɗauki takardar ta sauko. Ranar a tsaye aka yi ninki, ba mai yi mata magana. Gajeruwa ta koma can ƙarshen tebur, tana ɗaga ƙafa ɗaya ta sauke ta ɗaga ɗaya.

Da aka tashi ba ta nufi gida ba. Ta shiga mota zuwa shagon Injiniya, wani ɗan ɗaki a saman shagon masu gyaran waya, da matattakala mai wari kamar an zubar da man inji. Yana ganin ta ya miƙe da fara'a.

"Inna! Ke da kanki? Zauna, zauna."

"Ba zan zauna ba. Ai an ce tsayuwa ta fi lafiya, kuma ni na ce."

Ta jefa masa takardar. Ya karanta, fara'ar ta ragu, amma ba ta tafi duka ba. Ta ga idonsa yana bin layukan, ta gane ba maganar yake dubawa ba, aikinsa yake dubawa. Ya ma kasa haƙuri.

"Inna, ban san za su yi wannan da shi ba, wallahi. Amma dubi, kin ga 'a' ɗin nan da wancan ba iri ɗaya ba ne? Kowane harafi na yi masa kamanni daban-daban, suna sauyawa da kansu, don kada ido ya gane inji ne. Har inda tawada ke yin kauri idan kin danna, na bar shi. Sati nawa na yi a kan..."

"Wato da gangan ka yi yadda ba za a gane ba."

"Ai shi ne ƙwarewar."

"Shi ne ƙwarewar," ta maimaita. "Na goya ka, na yi maka wanki, na zauna da kai a asibiti lokacin ƙyanda, ka girma ka ƙware a yadda za a yi ƙarya da hannuna ba a gane ba. Madalla da kai."

Ya sosa gemu. Sai ya yi abin da ya ɗauka zai sanyaya mata rai, irin dabarar da yake yi tun yana yaro idan ya fasa kofi. Ya juya ga kwamfuta ya danna 'yan maɓallai, ya juyo mata da allon. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, shuɗi, a kishingiɗe: "Inna ta fi kowa."

Hannayenta biyu suna riƙe da jaka, ga kuma hannunta can yana rubutu ba da ita ba.

"Goge!"

Ya goge.

"To goge shi duka. Ka ciro shi daga cikin abin nan."

"Inna, ko na goge nawa, nasu yana wurinsu. Na riga na ba su. Ba a karɓo irin wannan."

"Ba a karɓowa."

"Zan yi wa Manaja magana."

"Ka yi masa. Ka buga masa da hannuna, zai fi karantawa."

Ta sauko ta bar shi tsaye. A gida maigidanta ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskarta, ya mayar da bakinsa ya ƙara ƙarar rediyo. Ta zare katin nan daga jikin madubi ta jefa a kwandon shara.

Injiniya ya yi magana ko bai yi ba, sanarwa dai ba ta tsaya ba. Manaja ya samu abin wasa. "'Yan'uwa, a rage zuwa banɗaki a lokacin aiki." "'Yan'uwa, wanda ya makara ya san sauran." Har 'yar fuskar murmushi aka fara zanawa a ƙasa, abin da Uwar Biro ba ta taɓa yi ba tunda take. Sannan aka koma manna su a jikin injuna. Akwai babban injin guga a tsakiyar ɗakin baya, dogon ƙarfe mai zafi da ke juyawa, a ba shi zanen gado ta gaba ya fito a goge ta baya. Yana cin wuta, don haka ofis ba ya son a kunna shi sai kaya sun yi yawa. Sai a wayi gari a ga an manna masa, da hannunta, "Injin ya lalace, a yi da dutsen guga." Mata su yini suna guga da hannu kafaɗa na ciwo, washegari a kunna inji ya tashi lafiya lau.

Uwar Biro ba ta zauna ta yi tagumi ba, ba halinta ba ne. Ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya, a wajen famfo, a ɗakin sauya kaya, a bakin ƙofa. Ta yi bayanin takardu masu gidaje, ta yi bayanin Injiniya, ba ta rufa masa asiri ba ko kaɗan. Ta lasa yatsa ta goga a kan sanarwar a gabansu, ta ce, "Kun ga ya zuba? Nawa da zai zuba." Wata rana a lokacin shayi ta hau kan akwatin sabulu ta ɗaga murya.

"Ku ji ni da kyau! Daga yau, duk abin da kuka gani da wannan rubutun, ba nawa ba ne. Na daina. Ko me aka rubuta, ko yaya ya yi kama da ni, na ofis ne. Ku watsar!"

Aka yi mata tafi. Gajeruwa ta zo da yamma ta tsaya kusa da ita tana ninke rigar filo, ta ce, "Yaya, bakina ya yi sauri ranar nan. Ki yafe." Uwar Biro ta ce, "Bakinki kullum a guje yake, ƙafar ce dai ba ta bin sa." Suka yi dariya har mai duba aiki ya leƙo.

Daga nan abin ya zama wasa. Da an manna sabuwa, kafin a juya an ɓalle. Masu tura kwando suna ninke ta su yi jirgi. Ana cewa, "Yaya ta ofis ta sake magana." Uwar Biro tana jin daɗi, tana ganin ta rama. Manaja ya gane daga inda iskar ke kaɗawa, sai ya raba ta da Gajeruwa, ya mayar da Gajeruwa aikin yamma a kan babban injin guga. Ita kuma ta cika alkawari, ba ta sake rubuta ko harafi a kamfanin ba. Bilic mai ƙona hannu ya sake zuwa, ta bi tebur-tebur ta faɗa da baki, waɗanda ba ta samu ba suka ƙone.

Ranar da abin ya faru kaya sun yi yawa, wani otal ya turo zannuwan gado mota guda, aka ce ta je ta taimaka a babban injin kafin masu yamma su karɓa. A gaban injin akwai wata sanda da ta bi tsawonsa. Idan hannu ko riga ya bi zane zai shige, da an taɓa sandar inji ya tsaya cak. Ana dab da tashi wani zane ya naɗe, ya ja mata yatsu. Ta buga sandar da gwiwar hannu. Injin bai tsaya ba. Ta sake bugawa. Yana ta juyawa abinsa. Ta fizge hannunta da ƙarfi har zafin ƙarfen ya lashi bayan yatsunta, ta ruga jikin bango ta sauke makunnin wuta.

Ta tsaya tana haki. Abokiyar aikinta a injin ta riga ta tafi wanke hannu, ba ta ga komai ba. Ta aika a kira bakanike, aka ce ya fita sayen kayan gyara. Manaja yana wajen taro. Mai duba aikin safe ya sa hularsa ya wuce, na yamma bai iso ba. Ɗakin ya cika da hayaniyar masu fita.

Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da kanta. Hannunta ne ya shiga aljihu, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Ta yage murfin kwalin sabulu ta rubuta da manyan baƙaƙe: "KADA A KUNNA. Sandar tsayarwa ba ta aiki. Zai ci hannu." Ta manna da salatif a daidai inda ake ba injin zane, inda makaho ma sai ya taɓa. Ta ji hankalinta ya kwanta. Ta tafi ɗakin sauya kaya tana hura yatsunta.

Ta cire takalmin aiki ɗaya ke nan ta ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafarta. Duk wanda ya yi aiki a wurin ya san wannan gurnanin. Babban injin ne.

Ba ta san tana da sauran gudu a jikinta ba sai ranar. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, ta ture kwandon tawul, ta bangaje mai gadi da ya shigo shan ruwa. Daga bakin ƙofa ta hango Gajeruwa a gaban injin, ta jingina cinyarta da ƙarfe don ta huta wa gwiwa, tana lallaɓa bakin zane da yatsu tana tura shi ciki, tana 'yar waƙarta. Uwar Biro ba ta ɓata numfashi wajen kira ba, don ba a jin kira a ɗakin nan. Ta faɗa kan makunnin da hannu biyu.

Injin ya yi ƙugi ya mutu, zane rabi a ciki rabi a waje.

"Yaya, lafiya? Me ya faru?"

"Ina kwalin? Ina kwalin da na manna a nan?"

Gajeruwa ta nuna da haɓa. Yana ƙasa, kusa da magudanar ruwa, da sawun takalmi a kansa.

"Wai sun ce ya lalace kuma," ta ce tana dariya. "Yau har da kwali suka yi, don ya fi kama. Na ce yau kam kun makara, kaya sun yi yawa."

"Ni na rubuta."

"Ke?"

"Ni. Da hannuna. Sandar ta mutu. Dubi." Ta miƙa mata bayan yatsunta, fatar ta yi ja ta fara tashi.

Dariyar ta bushe a fuskar Gajeruwa. Ta dubi yatsun, ta dubi zanen da ke cikin injin, ta dubi nata hannun. Ta ja da baya har ta zauna a kan tarin kaya ba ta sani ba.

"Amma Yaya, ke kika ce... kika ce ko yaya ya yi kama da ke..."

"Ni na ce."

Ita ta hau akwatin sabulu, ita aka yi wa tafi. Haushi ya taso mata har ta rasa wanda za ta ɗora wa: Manaja, ko ɗan da ta goya, ko ita da ta wanke hannu ta sa tabarau ta cika musu gidaje tana murmushi.

Masu aikin yamma suna ta shigowa, wasu ba su san abin da ake ciki ba, kuma wasu za su shigo bayan su. Dole a sa wani abu a jikin injin. Ta yage wani kwalin, ta cire murfin maka, ta kafa a kai, sai ta tsaya. Duk yadda ta ja layin farko, hannun nan ne zai fito, mai kishingiɗa, wanda ta koya wa kowa ya taka. Ta gwada miƙar da harafin, ya ƙi, ya kwanta abinsa.

Sai ta mayar da alƙalamin hannun hagu.

Abin da ya fito ko ɗan aji ɗaya ba zai yarda nasa ba ne. Haruffa suna hawa suna gangara, wani ƙato wani ɗan mitsitsi, layin yana rawa. Ta ciji leɓe ta gama, gumi na ɗiga a kan kwalin. Ta manna.

Wata mai tura kwando ta zo wucewa, ta tsaya. Ta karanta a hankali tana motsa baki, ta ce, "Kai! Allah ya kiyaye," ta ja kwandonta nesa da injin. Wani ya tsaya a bayanta. Wata ta ce, "Karanta mini, me aka ce?" Kafin wani lokaci an taru, kowa yana ja da baya. Uwar Biro tana gefe da takalmi ɗaya tana kallon su suna gaskata wannan karkataccen abu da ita kanta ba ta san shi ba. Ta so ta ji daɗi. Abin da ta ji ya fi kama da kuka.

A haka Manaja ya shigo, ya dawo daga taro, makullin mota a yatsa.

"Me ya sa injin yake a kashe? Me ake kallo?"

Aka buɗa masa hanya. Ya karanta kwalin. Ya ce a nemo bakanike a waya, wannan kam ya faɗa. Amma bai tafi ba. Ya tsaya ya dubi kwalin, ya juya ya dubi mutanen da suka taru, ya ƙirga su da ido, ya sake duban kwalin yana karkata kai.

"Wa ya rubuta wannan?"

Idonsa ya sauka a kan maka da ke hannun hagun Uwar Biro.

"Ikon Allah," ya ce. "Kin san wannan ya fi wancan? Wannan da gani ka san mutum ne. Bari ɗanki ya gani."

Kafin ta gane nufinsa ya ɗaga waya. Ta yi tsalle, amma ta ji ƙaras ɗin hoton tun hannunta bai kai ba. Ta fizge kwalin duk da haka, ta yayyaga shi a gabansa, ta watsa masa a ƙafa. Ya kakkaɓe takalminsa, ya duba wayar, ya ga hoton ya fito, ya sa a aljihu.

"Za mu yi maganar ladabi gobe," ya ce, ya hau bene.

Injin ya koma ba komai a jikinsa. Uwar Biro ta je ta tsaya a gabansa, ta juya masa baya, ta buɗe hannuwa kamar mai tare awaki. Lokacin tashinta ya wuce, ƙafafunta sun kumbura, ɗaya tana kan siminti mai sanyi. Duk wanda ya shigo ta ƙofar sai ta ce, "Kada ka kunna, sandar ta mutu." Wata ta shigo. "Kada ki kunna, sandar ta mutu." Muryarta ta fara dishewa, bakanike bai zo ba.

Gajeruwa ta tashi da ƙyar, ta ɗingisa zuwa ɗakin sauya kaya ta ɗauko mata ɗaya takalmin, ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo ta sa mata. Sannan ta tsinci wani kwali mai tsabta ta miƙa mata.

"Yaya, ba za ki kwana a tsaye ba. Sake rubutawa ki tafi gida, ni zan kula."

Uwar Biro ta dubi kwalin. Ba ta karɓa ba.

"Da wane hannun?" ta ce.